Wa'azi a Talabijin: Wane Ne Ke Karantar da Ke a Ɗakinki?

Ina fata kowacce ta sauke tukunya ta sami wuri ta zauna, domin zancenmu na yau yana son natsuwa.

Yau za mu tattauna ne a kan shirye-shiryen addini da ake nunawa a talabijin, na maƙwabtanmu Kirista da kuma namu na Musulmi. Na san wata za ta ce, mu da muke cikin birni, a kulle, ina ruwanmu da tashar Kirista? To uwargida, amsar tana cikin rimot ɗin da ke hannun ɗanki. Duk gidan da aka kafa satalayit, daga nan Ƙofar Ɗan Agundi har Ƙofar Na'isa da sauran lungunan birni, dikoda ba ta tambayar addinin masu gida. Tashoshi take jerowa, wannan na tafsiri, na gaba da shi fasto ne yake wa'azi, wani lokaci ma da Hausa. Ganuwa ta tsare birni a zamanin da, zaure yana tsare gida daga baƙo, amma wanda ya zo ta sama ba ya bi ta zaure. Tunda haka ne, gara ki san ko su wane ne waɗannan baƙi, ki kuma san yadda ake auna su.

Bari mu ɗan koma baya. An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan a 1959, mu nan Arewa kuma a Kaduna a 1962. A Kano, bayan NTA, gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Tun kafin nan rediyo ta riga ta saba mana da jin karatu daga nesa: tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello na Kaduna, da na Shaihu Nasiru Kabara a nan Kano. Da talabijin ta zo, manyanmu ba za su manta da marigayi Malam Isa Waziri ba, yadda yake fassara cikin sauƙi da raha har tsohuwa da yarinya kowa ta fahimta. Ga macen da ba ta fita, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. A zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, jajis ne suke takawa ƙauye-ƙauye suna kai wa mata karatu. Yau akwati ne yake yin wannan tafiya.

Su ma Kirista sun daɗe da gane amfanin wannan hanya. Tun 1954 aka buɗe rediyon ELWA a Laberiya. A 1963 aka buɗe wata babbar tasha a Addis Ababa ta ƙasar Habasha, kuma a Jos ake shirya mata shirye-shiryen Hausa da sunan Muryar Bishara. Abin lura game da wannan tasha ta Habasha shi ne tsarin da ta ɗora wa kanta: kashi 30 cikin ɗari wa'azi, kashi 70 kuma ilimin zaman duniya, wato kiwon lafiya da noma da labarai da tarbiyya. Kun ga ke nan masu wancan aiki sun ɗauka cewa shirin addini nagari shi ne wanda mai saurare zai tashi da abin da zai amfane shi. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977.

Daga baya sai wani salo ya shigo daga Amurka, inda mai wa'azi yake zama tauraro, ana nuna taron dubban mutane, ana kiɗa, ana faɗuwa ƙasa, ana cewa makaho ya gani, gurgu ya miƙe, sannan a ce a aiko da kuɗi. Da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin a 1992, aka kuma kafa hukumar NBC don ta sa musu ido, irin wannan salo ya cika tashoshin Nijeriya, musamman a Kudu.

A nan akwai abin da nake so kowacce ta riƙe. Yawancin wa'azin da kike gani a gidajen talabijin, fili ne aka saya. Gidan talabijin yana sayar da rabin awa ko awa guda kamar yadda ake sayar da rumfa a kasuwar Kurmi. Wanda ya biya shi zai hau. Saboda haka ganin mutum a akwati ba shaida ba ce ta cewa ya fi kowa ilimi. Shaida ce kawai ta cewa shi ko wani mai goya masa baya yana da abin biya.

Abin ya kai har a 2004 hukumar NBC ta hana nuna mu'ujizar warkarwa a talabijin in ba a iya tabbatar da ita ba. Shugaban hukumar a lokacin, Dakta Silas Yisa, ya tsaya a kan wannan doka duk da ce-ce-ku-cen da ta jawo, kuma a cikin Kiristocin kansu akwai waɗanda suka goyi bayanta, suna cewa masu wannan wasa suna zubar da mutuncin addininsu. To da aka toshe nan, sai masu hali suka koma tauraron ɗan'adam, inda hannun hukuma ba ya kaiwa sosai. Dama dokar NBC ta hana ba ƙungiyar addini lasin buɗe gidan rediyo ko talabijin. Wannan ne ya sa tashoshin da ba su da aiki sai wa'azi, nasu da namu irin su Sunna TV da Manara da Africa TV3, a satalayit kike samun su.

Misalai biyu sun ishe mu. Fasto T.B. Joshua na Legas ya buɗe Emmanuel TV a 2006, ta yi suna a Afirka duka saboda nuna warkarwa. Ya rasu a 2021, sannan a farkon 2024 BBC ta fitar da wani bincike inda waɗansu tsofaffin almajiransa suka yi zargin cewa shirya abubuwan ake yi kafin a ɗauka. Na biyu, tashar Loveworld ta Fasto Chris Oyakhilome, wadda hukumar Ingila ta ci tararta fam 125,000 a 2021 saboda yaɗa maganganun da ba su da tushe a kan cutar korona.

Ban kawo waɗannan don mu yi wa kowa dariya ba. Akwai shirye-shiryen Kirista na natsuwa, masu karantar da mabiyansu littafinsu, suna horo da gaskiya da riƙon aure da taimakon marayu. Na kawo su ne saboda Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwatin ɗaya ne, kuɗin fili ɗaya ne, son suna kuma ba shi da addini. Mu duba namu da idon gaskiya. Ba mu ga ana nuna mace tana birgima tana ihu wai ana cire mata aljani, ga fuskarta duniya tana kallo ba? Ba mu ga mai magani ya fara da bisimilla da ayoyi, ya ƙare da kwalba guda mai maganin hawan jini da ciwon suga da sanyi da rashin haihuwa gaba ɗaya ba? Mu nan Kano mun san abin da jita-jita take jawowa: an dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa, kuma sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita.

To yaya za ki gane shiri mai kyau? Ga ma'auni, kuma kowacce za ta iya riƙe shi ko ba ta yi zurfin karatu ba.

Na farko, wane ne malamin, kuma me yake karantawa? Magabata sun yi gargaɗi mutum ya duba a hannun wa yake karɓar addininsa. Malamin kirki an san malamansa, an san makarantarsa. Shirin da ya ɗauki littafi, ko Ahalari ne ko Iziyya ko Risala ko Arba'una Hadisi, yana bin sa babi-babi, ya fi wanda kullum sai abin da ya zo bakin mai magana.

Na biyu, in an gama, me ya rage miki? Ki tambayi kanki: yau na koyi wani abu a kan tsarki, ko hukuncin haila da biƙi, ko ramuwar azumi, ko haƙƙina a kan maigida da nasa a kaina, ko rabon gado? In abin da ya rage kawai shi ne wane ya kayar da wane, to kallon dambe kika yi, ba karatu ba.

Na uku, ki lura da harshensa. Saɓani tsakanin malamai daɗaɗɗen abu ne, kuma ana yin sa da ladabi. Amma wanda aikinsa zagi da kafirta jama'a da kiran sunayen mutane, ki sani ba ke kaɗai kike ji ba. Yaran da ke wasa a tsakar gida kunnensu yana nan. Gobe za ki ji ɗanki ya kira maƙwabci da sunan da ke kanki sai kin ji kunya.

Na huɗu, ina kuɗi suke shiga? Taimaka wa aikin addini alheri ne. Amma in aka ce biyan buƙatarki ko samun haihuwarki ya rataya ne a kan ki tura kuɗi ta lambar da ke yawo a ƙasan akwati, ki riƙe 'yan kuɗin sana'arki. Da guminki kika tara su, a ƙulle-ƙullen gyaɗa da ɗinkin hula da kitso.

Na biyar, lafiyarki. Addu'a gaskiya ce, neman magani ma umarni ne. Duk wanda ya ce ki ajiye maganin da likita ya ɗora ki a kai, ko ki bar zuwa awo, ko kada ki kai yaro asibiti, ki kashe akwatin. Mai hawan jini ko ciwon suga da ta bar shan magani tana jefa ranta cikin haɗari. In jikin yaro ya yi zafi yana suma, asibitin Hasiya Bayero da na Murtala suna nan kusa da mu, a garzaya da shi, ana tafe ana addu'a.

Na shida, shin yana iya cewa Allah ne mafi sani? Malamin da kowace tambaya yana da amsarta nan take, a yi hattara da shi. Musamman maganar saki. 'Yar uwa, kada ki yanke hukuncin aurenki da amsar minti biyu da aka ba wata ta waya. Lafazin da aka yi mata daban, naki daban. Wannan magana ce ta a zauna gaban malami ko alƙali, a ji ta bakin kowa.

Sai kuma batun yara. In kin shigo kin tarar ɗanki ya tsaya a tashar Kirista, kada ki hau shi da duka ko ashar. Wataƙila ma bai gane ba, domin akwai Hausawa Kirista, a Wusasa ta Zariya da wurare da dama, an kuma fassara littafinsu gaba ɗaya da Hausa tun 1932. Saboda haka zai ji ana cewa Allah, Ubangiji, annabawa, kamar yadda ya saba ji. Ki zaunar da shi ki ce, wannan wa'azin Kirista ne. Mu mun yi imani da Annabi Isa, Alaihissalam, bawan Allah ne kuma manzonsa, muna girmama mahaifiyarsa Nana Maryamu. Su kuma abin da suka yi imani da shi game da shi daban ne da namu. Ki faɗa masa a natse, ba tare da zagin kowa ba, domin gobe shi ne zai zauna aji ɗaya da su, ya yi ciniki da su a Sabon Gari, wata ma ita za ta yi masa allura a asibiti. Yaron da ya san nasa da kyau ba ya ruɗewa, ba ya kuma wulaƙanta na wani. Bayan haka ki roƙi maigida ko babban ɗanki a jera muku tashoshin da kuka amince da su a farko, sauran a sa musu lambar kullewa, yawancin dikoda suna da wannan.

Abu na ƙarshe, talabijin ba ta maye gurbin malama. Akwati yana magana ne, ba ya ji. Ba zai gyara miki Fatiha ba, ba zai ga yadda kike alwala ba. Ki ajiye ɗan littafi kusa, abin da ya shige miki duhu ki rubuta ko ki sa 'yarki ta rubuta, ki kai wa malamar Islamiyyarku, ko ki ba maigida ya tambayo miki. Wadda maigidanta bai yarda ta fita Islamiyya ba, ta lallashe shi cikin ladabi, ko a nemo malama ta riƙa zuwa gida, ku haɗu da kishiyoyi da maƙwabta. Su ma iyayen gida maza da suke jin mu, muna roƙon ku taimaka, don ilimin matar gida na 'ya'yanku ne.

Wutar ma ba kullum ake samunta ba, duk da ga tashar lantarki ta Ɗan Agundi a maƙwabtanmu. 'Yar awa biyun da aka kawo ta, ko aka tada janareta, ki zaɓi wanda ya cancanci ki ba shi kunnenki da na 'ya'yanki.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.