GITAR TA ZO BAƘUWA, TA ISKE GURMI GIDA

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kance da Matamai, yau hirarmu ta makaɗan gitar ce na farko, waɗanda ba su san wutar lantarki ba.

Gitar ɗin wancan lokaci akwati ne na katako mai tsirkiya 6. Ba batir, ba lasifika. Mutum ɗaya ne da muryarsa da yatsunsa. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri, manuni yana tsinkar sirara. Duk wanda ya taɓa kallon mai gurmi ko mai molo ya san wannan hannu. Kenan gitar baƙuwa ce, amma kiɗan ɗan gida ne.

Ga misali. An haifi Ali Farka Ture a ƙasar Mali a 1939, ya tashi a Niyafunke, bakin kogin Isa. Da ƙaramar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara. A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gine, yana kaɗa gitar. Sai ya ɗauki kiɗan molonsa ya ɗora mata. Ya yi aiki gidan rediyon Mali, ya yi waƙa da Sanwayanci da Fulatanci da Buzanci. Sunansa ya kai Faransa da Amurka, amma bai bar gona ba. Kuɗin waƙa ya zuba cikin noman rani. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niyafunke. Ya rasu a 2006.

Mu ma ƙasar Hausa muna da namu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna: gwangwanin kifi, fata, tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, talaka ya ji an san da shi.

To, yau fa? Samari sun koma kiɗan inji, tsofaffin makaɗa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In mai gurmi ya mutu bai koya ma kowa ba, kiɗansa ya bi shi kabari.

Don haka, in akwai mai gurmi ko mai garaya garinku, ku kira shi ranar buki, ku biya shi hakkinsa. Yaron da ke son koyo, a bar shi ya zauna gabansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.