Kiwon Kifin Malam-Buɗe-Littafi a Akwatin Gilashi

Gabatarwa

Idan aka ce kiwon kifi, mafi yawanmu tarwaɗa ko karfasa muke tunawa. Amma akwai kifin da ake kiwo don kallo kawai, a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri da murjani mai rai. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan kifaye, da dalilin da ya sa yake yawan mutuwa a hannun masu kiwonsa.

Kamanninsa da mazauninsa

Turawa suna kiran danginsa da sunan malam-buɗe-littafi saboda kyan launinsu. Wanda muke magana a kansa shi ne Chelmon rostratus, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya fara bayyana shi a 1758. Yana zaune a tekun Indiya da na Pasifik, daga gaɓar Tailan zuwa kudancin Japan da arewacin Ostareliya. Tsawonsa yakan kai santimita 20. Jikinsa fari ne mai ratsi-ratsi launin jan ƙarfe. Kusa da wutsiyarsa akwai baƙin ɗigo mai kama da ido, wanda ake jin yana rikita maƙiyinsa ya kasa gane inda kai yake. Bakinsa dogo ne siriri, da shi yake zaƙulo tsutsotsi da ƙananan halittu daga ramukan duwatsu.

Matsalar abinci

Wannan bakin shi ne tushen wahalar kiwonsa. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa daga teku aka kamo su, kuma sun saba da yini suna tsintar abinci mai rai. Idan aka barbaɗa musu busasshen abinci a saman ruwa, ba sa gane cewa abinci ne. Sai kifin ya yi ta ramewa har ya mutu, alhali ga abinci yana yawo a gabansa.

Saboda haka masu kiwo sukan fara da tsutsa mai rai, ko su buɗe kifin kwasfa su ajiye a ƙasan akwatin don ya tsattsaga. Daga nan a hankali ake koya masa cin ƙananan jatan lande da aka daskarar. Ana ba shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana. Ba a haɗa shi da kifaye masu wawaso, domin shi mai tsoro ne, kafin ya matso sun cinye.

Wasu suna sayensa don ya cinye Aiptasia, wata halitta mai harbi da ke addabar murjani. Ba kowanne ne yake cin ta ba, kuma wani yakan koma yana cizon murjanin da aka kawo shi ya tsare.

Ruwa da akwati

Akwatin kada ya gaza lita 300. Gishirin ya zama kamar na teku, wato kimanin giram 35 a kowace lita, zafin ruwan kuma tsakanin digiri 24 zuwa 27. Kashin kifi yana fitar da amoniya mai guba, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke sarrafa ta suna buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ko bayan haka, gara a jira watanni har duwatsun su tara ƙananan halittun da zai riƙa tsinta. Dole famfon ruwa ya yi aiki dare da rana. A ƙasarmu da ake ɗauke wuta, wanda ba shi da batir ko janareto zai iya rasa kifinsa a dare ɗaya.

Sabon kifi kuma ana keɓe shi na wasu makonni a wani akwati dabam, saboda cutar farin ƙurji. Maganinta da aka saba da shi yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani.

Kammalawa

Shawara ga mai sha'awa ita ce kada ya biya kuɗi sai mai shago ya ba kifin abinci a gabansa ya ga ya ci. Idan ya ƙi ci, ko an ga bayan kansa ya lotsa don rama, a bar shi. Wanda kuma bai taɓa kiwon kifin ruwan gishiri ba, ya fara da mai juriya tukuna, domin duk wanda ya mutu a akwati, wani za a sake kamowa daga teku.