Ko Ka San Tankin da Ya Wadata Duniya da Penisilin?

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya ji sunan Alexander Fleming, wanda ya lura a Landan a 1928 cewa wata fumfuna da ta faɗa farantin gwajinsa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, har zuwa 1941 penisilin ɗin da ke hannun masana bai isa jinyar babban mutum ɗaya ba. A Fabrairun shekarar, ayarin Howard Florey da Ernst Chain a Oxford suka ba wani ɗan sanda maganin, ya fara farfaɗowa, sai maganin ya ƙare duk da ana tace shi daga fitsarinsa a sake ba shi, mutumin ya rasu. Fumfunar Fleming a saman ruwa kawai take yaɗo, abin da take fitarwa kuma bai taka kara ya karya ba. Don haka nake ganin waɗanda suka gyara irin fumfunar suka ƙera mata mazauni sun cancanci yabo daidai da wanda ya gano ta.

A garin Peoria na Amurka aka ɗauko bakin zaren. Andrew Moyer ya gano cewa ruwan jiƙon masara, wanda masana'antar sitaci ke bari a baya, yana ninka amfanin fumfunar. A 1943 aka samu wata fumfunar a jikin wani nau'in kankana daga kasuwar garin, wadda ke iya rayuwa a nutse cikin ruwa. Aka haska ta da hasken X-ray, daga baya a Jami'ar Wisconsin da hasken UV, don halittarta ta sauya, ana ware zuriyar da ta fi bayarwa, har aka samu irin da ake kira Q-176. Sai maganar tanki, kuma nan ne wahalar take. Fumfuna tana shaƙar iska, ruwan kuwa yana kauri yayin da take girma, don haka dole a riƙa hura tatacciyar iska daga ƙasa, farfela tana juyawa tana farfasa ta. Juyawar tana tayar da kumfa, fumfunar tana haifar da zafi da sai an sanyaya, kuma kafin a zuba komai sai an gasa tankin da tururi, domin baƙuwar ƙwaya ɗaya tana iya lalata dubban litoci. Kamfanin Pfizer, da ya saba yin sinadarin tsamin lemo da fumfuna, ya buɗe masana'antarsa ta manyan tankuna a Brooklyn a 1944.

Wani zai ce haska fumfuna ai canki-canka ne, babu ilimi a ciki. Gaskiya ne hasken ba ya zaɓe, kuma yawancin abin da ya taɓa lalacewa yake yi. Amma ilimin yana wurin tantancewa, a auna dubban zuriya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi cika don irin baɗi. Da aka samu damar karanta ƙwayoyin halittar fumfunar masana'anta, sai aka tarar sashen da ke haɗa penisilin ya maimaitu sau da yawa a jikinta, wato zaɓen ya dace da ainihin dalilin tun ba a san shi ba. Wani kuma zai ji tsoron shan abin da ya fito daga halittar da aka sauya. Fumfunar ba ta shiga jikin majinyaci. Ana tace ta a fitar, sinadarin da ya rage kuma ba ya bambanta da wanda fumfunar da ba a taɓa ba ke yi a cikin abinci iri ɗaya. Yawansa ne ya ninku sau dubbai. Daga wannan penisilin na tanki ake ciro ginshiƙin da ake gina amoxicillin a kansa, maganin da ake ba yara masu ciwon huhu a asibitocinmu.