Tsiron Ballut: Abin da Ganye Ke Faɗa da Abin da Ake Ƙaga Masa

Duk wanda ya taɓa shuka ƙwallon kuka ya san abin mamakin da tsironta ke yi. Ganyen farko falle ɗaya ne, ba shi da yatsun nan biyar ko bakwai da muka san babbar kuka da su, har wanda bai sani ba sai ya rantse wani itace ne dabam. Wannan ne ya faɗo mini a rai wata shekara a kudancin Ingila, ina tsugune gaban tukwane 12 da na shuka 'ya'yan ballut a ciki, kowa ya leƙo sai ya raɗa wa tsiron suna, kuma babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

Ballut sunan da Larabawa ke kiran itacen ke nan, Turawan Ingila kuma suna ce masa oak, masana tsirrai su ce Quercus. Ba ya fitowa a ƙasar Hausa. A Afirka asalinsa yana arewa ne kawai, musamman Maroko da Aljeriya da Tunisiya, inda dajin Mamora da ke kusa da Rabat ya yi suna da nau'in da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsa. Dangin yana da nau'i kusan 500, Meziko kaɗai tana da wajen 160, Amurka wajen 90. Ɗansa ƙwallo ne mai santsi da ke zaune cikin 'yar hula. A watan Oktoba yakan zubo birjik, yara da manya su tsinta su shuka, daga nan kuma maganganu su fara yawo.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai da ganin ganyen farko za a gane nau'in itacen. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ita ce ta fi ɓata wa mutane lissafi. Ganyen da ake bugawa a littattafai na itacen da ya girma ne, galibi daga reshen da rana ke duka. Na tsiro kuwa ƙanana ne, tsagarsu ba ta da zurfi, wani lokaci ma babu ita sam, sai ɗan lanƙwasa a gefe. Nau'o'in da idan sun girma ko daga nesa za a bambance su, a watanninsu na farko kamar an tsaga kara suke. Akwai ma waɗanda ƙuruciyarsu ke saɓa wa girmansu baki ɗaya. Ballut mai ganye kore duk shekara na yankin Bahar Rum, Quercus ilex, yana ƙarami ganyensa ƙayoyi ne a gefe, idan ya manyanta sai ya koma sumul. Ko a jikin itace ɗaya, ganyen inuwa ya fi faɗi kuma tsagarsa ba ta kai ta ganyen rana zurfi ba, tsiro kuwa kusan kullum ɗan inuwa ne. A tukunya ɗaya daga cikin nawa na ƙirga ganye biyar, babu biyu masu siffa ɗaya.

Sai maganar da Amurkawa ke koya wa yaransu: ganye mai tsini na jan ballut ne, mai yatsu kewayayyu na farin ballut. Wannan tana da tushe mai ƙarfi, kuma tana aiki har a kan tsiro, amma an gajarta ta har ta rasa rabin ma'anarta. Abin dubawa shi ne ɗan siririn gashi mai tauri da ke fitowa a ƙarshen jijiyar ganye, ya zarce gefensa kamar bakin allura. Dangin ja suna da shi, dangin fari ba su da shi. Akwai ɗan dangin fari mai haƙora masu tsini kamar zarto amma babu gashin, akwai kuma ɗan dangin ja, Quercus phellos, da ganyensa siriri ne babu tsaga ko ɗaya, sai gashi guda a can ƙarshe. Wanda ya ɗaga ganyen ya kalle shi ta fuskar haske zai ga gashin da idonsa. Sai dai iyakar abin da ya samu shi ne dangi, kuma dangin ja kaɗai ya ƙunshi nau'i masu ɗimbin yawa. Ƙa'idar kuma ta Amurka ce. A Turai da Asiya akwai wasu rassan dangin da ba su shiga wannan rabo na gida biyu ba.

Wai jan ganye alamar jan ballut ce? A'a. Sabon toho na itatuwa da yawa ja yake fitowa kafin ya yi kore, kamar yadda muke gani a mangwaro. Farin ballut na Amurka ma da ruwan hoda yake buɗe ganyensa.

Abin da ya fi ganye faɗin gaskiya, kuma mutane ba su cika kula da shi ba, shi ne halin ƙwallon kansa. 'Ya'yan dangin fari a shekara ɗaya suke nuna, kuma da sun faɗi ƙasa mai laima sai su tura saiwa cikin 'yan kwanaki ko makonni, tun kafin hunturu ya shigo. Na dangin ja kuwa shekara biyu suke yi a kan uwa, bayan sun faɗo kuma sai sanyi ya ratsa su na wata 1 zuwa 3 kafin su motsa. Shi ya sa masu rainon itatuwa ke ajiye su cikin firji a leda da ɗan yashi mai danshi. A nan ma akwai inda ake kuskure: saiwa ce ke riga fita, kara yakan jira har Maris ko Afrilu a duka dangin biyu, don haka mai kallon saman tukunya kaɗai ba zai ga bambancin ba. Idan aka fasa ɓawon ƙwallo aka ga cikinsa da laushin gashi kamar auduga, na dangin ja ne. Na fari sumul yake. Na ja kuma ya fi bauri, saboda yawan sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi.

Gwajin ruwa da ake ta yabawa, a zuba 'ya'yan a bokiti a zubar da waɗanda suka taso, yana da amfani wajen fitar da waɗanda tsutsa ta cinye ko suka bushe. Ba ya cewa komai game da nau'i.

Akwai kuma masu cewa tunda ka san uwar, ka san ɗan. Yawanci haka ne, amma ba kullum ba, kuma manomin da ya taɓa shuka ƙwallon mangwaro mai aure ya samu wani abu dabam zai gane dalili. Iska ce ke ɗaukar ƙurar furen ballut daga itace zuwa itace. Ɓawo da hula jikin uwa ne, amma abin da ke ciki rabinsa na uban da ba a gani ba ne, kuma nau'o'in da ke dangi ɗaya suna barbarar juna cikin sauƙi. Ingila tana da nau'i biyu na asali. Quercus robur wuyan ganyensa bai kai santimita 1 ba, yana da 'yan kunnuwa biyu a gindin ganyen, 'ya'yansa kuma suna reto a dogon tsinke. Quercus petraea wuyan ganyensa santimita 1 zuwa 2, babu kunnuwa, 'ya'yan suna manne da reshe. Inda suka yi maƙwabtaka ana samun 'yan ruwa biyu da suka ɗauko nan suka ɗauko can. Wajen shekarar 1762 wani mai gandun rainon itatuwa a Exeter, William Lucombe, ya shuka 'ya'yan ballut ɗin Turkiyya, sai ya lura wani tsiro bai zubar da ganye da hunturu ba kamar 'yan'uwansa. Ashe ubansa ballut mai toshiyar kwalba ne. Har yau itacen da sunan Lucombe ake kiransa. Abin da bai inganta ba shi ne cewa ja da fari suna haɗuwa. A daji ba sa yi.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, ni ma ina amfani da su. Sai dai hoto suke kwatantawa da hoto, kuma ganyen da bai gama zama kansa ba yana ruɗa su kamar yadda yake ruɗa mutum. Na ɗauki tsiro ɗaya hoto sau uku, na samu suna uku.

A ganina aikin gane nau'i ranar tsintar ƙwallo ake yin sa, a gindin uwar. A ɗauki ganyenta da ya faɗo, a ɗauki hular, a dubi ɓawon jikinta, a sa 'ya'yan kowane itace a ledarsu da takarda. Ni ban yi haka ba. Daga itatuwa uku na tsinto, babu hula, na haɗa su a aljihu ɗaya, kuma jiran itacen ya yi nasa 'ya'yan ba abin yi ba ne, domin robur yakan kai shekara 40 kafin ya haihu sosai.

Tara suka tsira cikin 12. A hunturu na biyu, bayan ganye ya zube, na ga idon tohon tsiro uku daga cikinsu kewaye da dogayen zare masu murɗewa kamar gashin baki, alamar da ballut ɗin Turkiyya ba ya ɓoyewa ko yana ƙarami. Su na rubuta musu suna. Sauran shidan ganyensu kewayayye ne, babu gashi a baki, biyu sun fara nuna 'yan kunnuwa a gindi, huɗu ba su nuna ba tukuna. A jikin tukwanensu na rubuta "dangin fari" da ranar shuka, na bar gurbi a ƙasa.