Jirgin Ƙasa da Jirgin Sama: Lissafin Matafiyin Kankiya da Kusada

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum kimanin 151,000 a Ƙaramar Hukumar Kankiya da 99,000 a Kusada, dukkansu a Jihar Katsina, jimilla 250,000. Babu tashar jirgin ƙasa a ko ɗaya daga cikinsu, babu kuma filin jirgin sama. Duk wanda tafiyar Abuja ta kama daga yankin, da mota zai fara, ko da wane jirgi zai ƙarasa. Saboda haka kwatancen jiragen biyu yana rataye ne a kan abu huɗu: kuɗin tikiti, lokacin tafiya, cika alƙawari, da nisan inda ake hawa.

A 2021, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ƙirga fasinjojin cikin gida miliyan 13 a filayen jiragen saman Najeriya. Adadin ya haɗa masu tashi da masu sauka, wato an ƙirga kowace tafiya sau biyu. Masu tashi kaɗai miliyan 6.5 ne. A shekarar, jirgin ƙasa ya ɗauki fasinjoji miliyan 2.7. Ke nan duk mutum biyu da suka shiga tarago, kusan biyar ne suka hau jirgin sama.

Fasinjojin jirgin ƙasa sun ƙaru zuwa miliyan 3.2 a 2022, amma kuɗin da suka biya ya sauka daga naira biliyan 5.7 zuwa kimanin biliyan 4.6, in ji NBS. Raguwar ta kai kashi 20 cikin 100, kuma ta zo ne a shekarar da layin Abuja zuwa Kaduna ya yi wata takwas a rufe. A 2023 fasinjojin suka koma miliyan 2.2, ragin kashi 32 cikin 100, kuɗin kuma ya tsaya a biliyan 4.4. Idan aka raba, kowane fasinja ya biya kimanin naira 2,000.

Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, shi ne layin zamani mafi kusa da Jihar Katsina da ke jigilar fasinjoji. An buɗe shi a Yulin 2016. Da ya dawo aiki a Disambar 2022, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, ta sanya tikitin ƙaramin aji a kan naira 3,600, na tsakiya 6,500, na babban aji 9,000. A ƙaramin aji, kowace kilomita ta tashi a kan kimanin naira 19.

A wannan watan na Disambar 2022, rahoton NBS kan kuɗin sufuri ya nuna matsakaicin tikitin jirgin sama na tafiya ɗaya a cikin gida ya kai kimanin naira 74,600. Wannan ya ninka tikitin ƙaramin aji na jirgin ƙasa sau 20, ya ninka na babban aji sau takwas.

Tafiyoyin ba tsawonsu ɗaya ba, don haka akwai buƙatar gyara lissafin. Tsakanin Legas da Abuja kimanin kilomita 510 ne ta sama. Idan aka raba naira 74,600 a kan wannan nisan, kowace kilomita za ta tashi kimanin naira 145. Bayan gyaran, tazarar ta sauko daga ninki 20 zuwa tsakanin bakwai da takwas. Har a hakan jirgin ƙasa ne ke da sauƙi.

Ma'aunin da ya fi bayyana nauyin kuɗin shi ne albashi. A 2022 mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 30,000 ne. Tikitin jirgin ƙasa na 3,600 ya ci kashi 12 cikin 100 na albashin wata. Matsakaicin tikitin jirgin sama kuwa ya ci albashin wata biyu da rabi, zuwa kaɗai, ban da dawowa.

Daga nan kuɗin jirgin sama ya ci gaba da hawa. NBS ta ba da naira 79,000 a Agustan 2023, 85,700 a Disambar 2023, sai 123,700 a Agustan 2024. Tsakanin Agusta da Agusta, ƙarin ya kai kashi 57 cikin 100. A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma ko da sabon albashin, tikiti ɗaya ya ci na wata ɗaya da kashi uku cikin huɗu na wata na biyu.

Man jirgi na cikin dalilan hauhawar. A Mayun 2022, Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Najeriya, AON, ta ce lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700, ta kuma yi barazanar dakatar da aiki. Wannan ƙari ne na fiye da ninki uku da rabi. Da dala ake sayen kayan gyara, da ita ake biyan hayar jirage, don haka faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023 ta shiga cikin kuɗin tikiti.

Arahar jirgin ƙasa ma tana da mai biya. Layin Abuja zuwa Kaduna ya ci kimanin dala miliyan 870, wanda miliyan 500 daga ciki rance ne daga Bankin Exim na ƙasar Sin. Naira biliyan 5.7 da aka tara daga fasinjojin dukkan layukan ƙasar a 2021 ta yi daidai da kimanin dala miliyan 14 a canjin gwamnati na lokacin. Wannan bai kai kashi biyu cikin 100 na kuɗin gina layi ɗaya ba. Baitulmali ne ke ɗauke da kuɗin ginin, ba mai tikiti ba.

A ɓangaren lokaci, jirgin sama ne a gaba. Daga Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa Abuja kimanin awa ɗaya ne a sama. Daga Rigasa zuwa Idu, jirgin ƙasa kan ɗauki awa biyu zuwa uku, kuma wannan zangon ƙarshe ne kawai na tafiyar mutumin Kankiya.

Awa ɗayar ta jirgin sama tana tabbata ne idan jirgi ya tashi a kan lokaci. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta ce a watannin Satumba da Oktoban 2024 an yi tashin cikin gida 10,804, kuma 5,225 daga ciki sun yi jinkiri. Wannan kashi 48 cikin 100 ne, wato kusan jirgi ɗaya cikin kowane biyu. An soke tashi 190, ƙasa kaɗan da kashi biyu cikin 100. Dokar hukumar ta tanadi ba fasinja abin sha da abin taɓawa idan jinkiri ya kai awa biyu. A arewa, hazon hunturu kan ƙara jinkirin tsakanin Disamba da Fabrairu.

Jinkirin jirgin sama da awanni ake auna shi. Tsaikon jirgin ƙasa kuwa ya taɓa kai watanni. A ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari a kusa da Katari, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka yi garkuwa da fiye da 60. An sako na ƙarshe, su 23, a watan Oktoba. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba, bayan kwana 252.

Wani tsaikon ya zo a 26 ga Agusta, 2025, lokacin da jirgin ya kauce daga layi a Asham. Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Najeriya, NSIB, ta ce mutum 618 ne a ciki. Ba a samu asarar rai ba, amma zirga-zirga ta tsaya fiye da wata ɗaya. Adadin yana nuna ɗaukar jirgin ƙasa: jigila ɗaya ta kai ta jirage huɗu masu kujeru 150.

Saura nisan inda ake hawa, kuma a nan lissafin ke juyawa. Kankiya tana kan titin Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga Katsina da kimanin 110 daga Kano, inda Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yake. Tashar Rigasa kuwa tana da nisan kimanin kilomita 300. Hanyar zuwa tashar ta fi layin dogon kansa tsawo, ta kuma ninka hanyar filin jirgin Katsina sau biyar. Tikitin jirgin ƙasa ɓangare ne na kuɗin tafiyar. Sauran yana hannun direbobin tasha.

Ayyuka biyu ne za su iya rage wannan nisan. Na farko layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan dala biliyan 1.96, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ba zai ratsa Kankiya ko Kusada ba. Sai dai tashar Katsina za ta sauko da nisan daga kilomita 300 zuwa kimanin 60, ragin kashi 80 cikin 100.

Na biyu layin Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021 a hannun kamfanin CCECC. A Janairun 2025 Bankin Raya Ƙasa na Sin ya sanar da rancen kimanin dala miliyan 255 don aikin. Sai wannan layin ya haɗu da na Maraɗi ne fasinjan da ya hau a Katsina zai iya sauka a Idu ba tare da shiga motar haya a tsakani ba.

A taƙaice, a Disambar 2022 tikitin jirgin ƙasa ya ci kashi 12 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, na jirgin sama ya ci kashi 250. Jirgin sama ya fi sauri, amma kusan rabin tashinsa ya makara a watanni biyun da NCAA ta auna. Ga mazaunin Kankiya da Kusada, jirgin da ya fi tsada yana da nisan kilomita 60, wanda ya fi araha kuma kilomita 300.