Wa ke tsaron wanda hankalinsa ya tafi?

Da hukumar FDA ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA a matsayin maganin ciwon firgici a Agustan 2024, masu tallar jinya da ƙwayoyi masu gusar da hankali sun yi ta kukan an yi musu ƙafar ungulu. Ba sa son a tuna musu da Kanada, inda wata mata da ta shiga gwajin maganin ta zargi mai kula da ita da cin zarafinta. Idan haka ta faru a gwajin da ake ɗauka da kyamara, ina ga ɗakin wani jagora da aka tsinto a intanet?

Tushen matsalar yana cikin irin waɗannan magunguna. Wanda ya sha silosaibin, sinadarin da ke cikin wani naman kaza, yakan yi awa huɗu zuwa shida ba ya cikin hayyacinsa. Duk abin da jagora ya faɗa masa, gaskiya ne a wurinsa. Hannun da aka ɗora masa ba ya iya turewa. Amana irin wannan ta fi ƙarfin takardar shaida.

Jihar Oregon ta halatta harkar silosaibin da ƙuri'a a 2020, cibiyoyi suka buɗe a 2023. Me aka nema ga jagora a lokacin? Takardar sakandare da horon awa 160. Zama ɗaya kan haura dala dubu, inshora kuma ba ta biya, tunda dokar tarayya ta haramta sinadarin har yau. Shi ya sa marasa hali ke komawa wurin 'yan bayan fage, masu kuɗin jirgi su nufi Peru shan ayawaska, wani jiƙo mai gusar da hankali. A can ne a 2012 wani matashi Ba'amurke ya mutu a wata cibiyar ayawaska, bokan ya binne shi a ɓoye.

Masu kare tsarin Oregon suna cewa ko ba komai akwai inda za a kai ƙara. Haka ne, sai dai ƙara tana zuwa bayan aikin gama ya gama. Ita kuwa Ostireliya ta damƙa harkar a hannun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗai tun 2023.

Jagoran kirki da tambayoyinsa ake gane shi. Zai tambaya ko kana shan litiyam, don haɗa shi da silosaibin na iya jawo farfaɗiya. Ko akwai taɓin hankali a danginku. Ko kana shan maganin damuwa, wanda ba ya jituwa da ayawaska. Zai rubuta inda zai taɓa ka da inda ba zai taɓa ba tun kafin ka sha, ya kuma gaya maka wanda ke sa masa ido. Wanda ya fara da lambar asusun banki, ka tashi.