Karo da Agogo: Bambancin Al'ada Tsakanin 'Yan Dabi da 'Yan Tseren Sulu

Gabatarwa

Wasan dabi da tseren sulu duk wasanni ne da ake yi da takalmin da ke zamewa a kan fili mai siffar ƙwai. Duk da wannan kama, al'adun da suka ginu a kansu sun yi hannun riga. Wannan maƙala ta nazarci tushen bambancin ta fuskar tarihi, tsarin wasa da kuma yadda ɗan wasa ke kallon kansa.

Tushen Wasannin Biyu

Tseren sulu kan ƙanƙara ya samu gindin zama a ƙasar Holan, inda aka kafa hukumarsa ta duniya a 1892. Ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a 1924, amma sai a 1960 aka ba mata gurbi a hukumance. Shi kuwa dabi, Leo Seltzer ne ya ƙirƙiro shi a birnin Shikago a 1935 a matsayin tseren juriya na nishaɗi, daga baya aka shigar da bangaza da ture. Bayan ya dusashe, wasu mata a birnin Ostin na jihar Tekzas suka farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000, abin da ya haifar da ƙungiyar WFTDA.

Tsarin Wasa da Tasirinsa

A doguwar hanyar ƙanƙara mai mita 400, galibi mutum biyu ne ke fafatawa, kowa a layinsa. Abokin hamayya na haƙiƙa shi ne agogo, domin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kan raba zakara da na biyu. Wannan ya haifar da al'adar natsuwa, biyayya ga mai horarwa da maimaita motsi ɗaya na tsawon shekaru.

A dabi kuwa, kowane ɓangare kan fito da 'yan wasa biyar: huɗu masu tare hanya da ɗaya mai tauraro a hular kwano, wadda ke samun maki idan ta wuce abokan hamayya. Zagaye ba ya wuce minti biyu. Tun da kai hari da tsaro suna gudana a lokaci guda, nasara ta dogara ne ga fahimtar juna, kuma mai ƙiba da siririya kowacce tana da amfaninta.

Suna da Mallaka

Ɗan tseren sulu yana shiga fili da sunansa na yanka da tutar ƙasarsa, cikin matsattsun tufafin da aka ɗinka don rage turjiyar iska. 'Yar dabi kuwa takan zaɓa wa kanta laƙabi mai barkwanci ko ban tsoro. Haka nan, yawancin ƙungiyoyin dabi 'yan wasa ne ke tafiyar da su bisa sa kai, su tara kuɗin haya, su shata fili, su jefa ƙuri'a kan dokoki. Nan ne taƙaddama take: wasu na ganin shiga ƙarƙashin manyan hukumomi zai kawo kuɗi da martaba, wasu kuma na tsoron iko zai kuɓuce daga hannun masu wasa.

Kammalawa

Katangar ba ta hana tsallakawa ba. Erin Jackson, 'yar garin Okala a jihar Fulorida, ta yi tseren takalmin taya da dabi kafin ta koma ƙanƙara, ta kuma lashe zinare a tseren mita 500 a Beijin a 2022, baƙar mace ta farko da ta yi hakan ita kaɗai a Olamfik ta hunturu. Tarihinta ya nuna cewa ƙwarewar ƙafa ɗaya ce. Abin da ya raba al'ummomin biyu shi ne wanda ke riƙe da ragamar wasa, da kuma abin da kowace ke kira nasara.